Ɗaurin Kawu Mbarek

Duk gidan da kawuna Mbarek ya taɓa kwana, daga famfo ake gane shi. Ba ya buɗuwa. Sai ka sa hannu biyu, ka tokare bango da ƙafa, ka ambaci sunan Allah, sannan ruwa ya zo. Matarsa Lalla Ijja, Lalla kuwa a wajenmu kamar a ce uwargida ne, ta shekara arba'in tana ɓoye masa kwalabe, don in ya rufe kwalbar zuma, to an yi sallama da zuma ke nan sai ya dawo daga shago. Tabaraun limamin unguwarmu ma bai tsira ba. Liman ya ajiye shi a kan benci ya tafi alwala, kafin ya dawo Kawu ya ɗaure masa 'yan notocin gefe. Har yau tabaraun ba ya naɗuwa, a hannu liman yake yawo da shi.

Mai gyaran keke ne a Anza, nan arewacin Agadir, a layin da ke bayan masana'antun kifin gwangwani. Shekara arba'in da shida a shago ɗaya, shagon da in ya shigar da keke sai shi ya fito waje. Daga ƙauyensu na kan dutse ya sauko yana saurayi da niyyar shiga jirgin kamun kifi. Yini ɗaya ya yi a teku, ya amayar da abin da ya ci da wanda bai ci ba, ya dawo tudu ya rantse shi da ruwa sai dai na buta. Daga nan ya kama keke. Ma'aikatan kifi, masu raba burodi, masinjoji, malaman makaranta, babu wanda kekensa bai bi ta hannunsa ba.

Bai haihu ba, bai gina gida ba, bai je Makka ba. Abin da ya tara a duniya magana ɗaya ce, kuma kowa a Anza ya san ta: abin da Mbarek ya ɗaure ba ya kwancewa. In ana faɗa a gabansa sai ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da goge hannu da tsumma. Amma yana ji. Da wannan maganar yake tashi, da ita yake kwana, kuma in ka raba shi da ita ban san abin da zai rage ba sai tsoho da akwatin ƙarafa.

Yana da wata al'ada. In ya gama gyara, mai keke ya riga ya ɗora ƙafa a kan feda, sai ya ce, "Tsaya." Ya zaro ɗan makullinsa na ɗaure noti daga aljihun ƙirji, ya bi notocin keken ɗaya bayan ɗaya tun daga kai har tayar baya, kowanne ya ƙara masa ɗan juyi, kowanne da bisimillarsa. Ko faci kawai ka kawo sai an yi maka. Ko gaisuwa ka tsaya yi, in dai da keke ka zo, ba ka tsira ba.

Maƙwabcinsa Bihi mai soya kifi, wanda suka shekara talatin suna zagin juna ba fashi, yakan ce, "Mbarek, wallahi ranar da aka ɗora ka a makara sai ka ce a tsaya ka ɗaure mata ƙafa."

"Gara makarata da kaskonka mai hannu ɗaya," Kawu yakan ce ba tare da ya ɗago ba.

Ni ce Hafida, 'yar ƙanwarsa. A hannunsu na tashi bayan rasuwar mahaifiyata. Ma'aikaciyar jinya ce ni, shekarata talatin da tara, kuma kowa ya san ina da saurin fushi, ba sai an ɓoye ba. Ranar da na gaya masa zan shiga dogon tseren nan mai kashi uku, yana neman huji a robar cikin taya, ya tsoma ta a kwanon ruwa.

"Iyo a teku kusan kilomita huɗu," na ce masa. "Ka fito ka hau keke kilomita ɗari da tamanin. Ka sauka ka yi gudu arba'in da biyu. Duk a yini ɗaya."

Ya dube ni ta saman ido. "Wa zai biyo ki?"

"Ba kowa."

"To ina za ki?"

"Inda na tashi nan zan dawo."

"Ashe ma kin riga kin iso," ya ce, ya koma kan robarsa.

Shekara uku na yi ina shiri. A shekara ta biyu na sayi keken tsere na hannu wajen wata likita da gwiwa ta hana ta hawa. Kuma a nan ne na yi wa Kawu laifi: ban taɓa kai masa keken ba. Ina da dalili. Keken ba ƙarfe ba ne. Kabon ne, wani baƙin zare da aka daskarar da gam, yatsa biyu ke ɗaga shi. Yana jure nauyin mutum, yana jure gargadar hanya, amma ba ya jure matsi. Kowane noti da iyakarsa a rubuce a gefensa, kuma akwai sifana ta musamman da ake ɗaure shi da ita, wadda take yin ƙara da zarar an kai iyaka. In ka wuce, ya tsage, kuma ba lallai ido ya gani ba. To ku gaya mini, wanda ya san famfon gidanmu zai kai wa Kawu irin wannan? Wajen Jawad nake kai shi, wani mutumin Kasablanka mai shagon kekunan tsere a bakin teku.

Kawu ya sani. Anza ba wurin ɓoye abu ba ne. Bai taɓa yi mini magana ba, sai sau ɗaya muna shan shayi ya ce da kofinsa, "Na ji an ce yanzu akwai sifanar da ke gaya wa mutum ya isa haka. Mu a zamaninmu matan aure ke wannan aikin." Lalla Ijja ta harare shi. Ya ƙara da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, hannu ma haka. Ni dai na sa baki a kofi.

Tseren ranar Asabar ne da asuba. Dokar ita ce kowa ya kai kekensa ranar Juma'a kafin ƙarfe biyar na yamma, a wani fili da aka kewaye a bakin teku, a can zai kwana. Wanda ya makara ya makara, sai wata shekara. Tun Alhamis Jawad ya gama da nawa, ya miƙo mini ya ce, "Ko ƙuda kada ki bari ya sauka a kansa." Ranar Juma'a na sa shi a mota na nufi Anza cin kuskus kamar kowace Juma'a, da niyyar daga can in wuce bakin teku. Ban yarda in bar shi a mota cikin rana ba, sai na shigo da shi na jingine a soro, kusa da ƙofar da ke haɗe da shago.

Ina shiga madafi Lalla Ijja ta ce, ba ko sallama, "Yau za ki bari ya taɓa shi."

"Lalla, an riga an gama komai."

"Ban tambaye ki ba. Shekara biyu mutumin nan yana haɗiye magana. Bihi kullum sai ya tambaye shi wai 'yar gidan mai keke ina take kai nata. Gobe za ki hau dutse da keken da kawunki bai sa wa hannu ba? Ko bare ba ya yi masa haka, balle ke da ya goya."

Raina ya ɓaci, don na san gaskiyarta, kuma ba abin da ke ɓata mini rai kamar gaskiyar wani. Na fita soro. Kawu ya dawo daga masallaci cikin farar jallabiya da takalminsa na fata rawaya, yana tsaye nesa da keken, hannuwa a baya.

"Kawu, ka duba mini iskar tayoyi. Iska kawai."

"Iska kawai," ya ce.

Ya matso, ya ɗaga keken da yatsa biyu, ya ajiye. "Sauran yana ina?"

Na yi dariya na koma madafi. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji shi daga baya.

Ya matsa tayoyi, iska daidai. Ya juya su ya kasa kunne, ba su ce komai ba. Ya duba sarƙa, ya kama birki, ya zagaya keken sau biyu bai samu abin gyara ba, kuma wannan ya yi masa ciwo. Hali zanen dutse. Ya ce shi bai ma san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ba. Akwai noti huɗu da ke riƙe da kan keken, wato hannun da ake kamawa. Na farko ya karɓi juyinsa. Na biyu ya karɓa, na uku ya karɓa. A na huɗu wani abu ya ce ƙas, ƙasa-ƙasa, kamar an taka ɓawon ƙwai. Ni ban ji ba. Bihi da ke leƙe daga bakin kaskonsa bai ji ba. Kawu ma ya ce ba da kunne ya ji ba, da hannu ya ji. Ya bi ƙarƙashin wurin da farce, farcen ya maƙale. Ya mayar da makulli aljihu.

Bari in gaya muku abin da wannan ke nufi. Hanyar keken tana hawa dutse ta wajen Imuzar, sannan ta gangaro. A gangaren nan mutum yana gudun kilomita sittin, nauyinsa duk a kan hannuwa, ga kwana bayan kwana, ga rami a gefe. Kan da ya tsage zai iya riƙewa, zai iya karyewa, Allah kaɗai ya sani. In ya karye, ba wanda zai ce Mbarek. Cewa za a yi kekunan robar nan na zamani ba su da amana, kuma Bihi da kansa zai ce ashe tsohon nan yana da gaskiya. In kuwa ya yi magana, shekara arba'in da shida sun tafi a numfashi ɗaya, a gaban yarinyar da ta shekara biyu tana ɓoye masa keke saboda tsoron wannan abin daidai.

Aka ajiye akushin kuskus muka kewaye shi. Kawu ya sa hannu ya dunƙula loma ɗaya, ya riƙe ta har ta huce. Ya dinga turo naman gefensa zuwa gefena.

"Ba ka da lafiya ne?" in ji Lalla Ijja.

"Lafiya lau."

"Iskar fa, Kawu?" na ce.

"Iska ta yi."

Kun ga bai yi ƙarya ba. Ni kuwa sakarya sai na ɗauka daɗi ne ya hana shi ci, har ina jin kaina wai na yi aikin lada. Da muka sha nono muka wanke hannu ya ce zai raka ni. Lalla Ijja ta dube shi da mamaki, don rabon da ya je bakin teku da ƙafarsa tun ba a haife ni ba.

A bayan mota ya zauna, ya riƙe keken a jikinsa. Sau biyu na ga ya buɗe baki ta madubi. Na farko ya ce an gyara titin nan. Na biyu ya ce, "A gangaren Imuzar kina kama birki?"

"Haba Kawu, in na tsaya kama birki yaushe zan isa?"

Ya ƙara rungume keken har muka je.

Ƙarfe huɗu da minti goma muka shiga layi. Mutane daga ko'ina, Turawa da namu, maza da askakkun ƙafafu, kowa na shafa kekensa kamar zai kai shi makarantar kwana. Kawu na tsakiyarsu cikin jallabiya, bai kalli kowa ba. A bakin ƙofa akwai wata jami'a mai duba kekuna. Da aka zo kaina ta kama birkin gaba, ta kama na baya, ta girgiza kan keken, ta juya hular kwanona, ta manna takarda ta ce in wuce. Wato keken ya ci jarrabawa. Taku uku ya rage ya shige fili, magana ta mutu.

Na tura keke, keke ya ƙi tafiya. Na waiga. Kawu ne ya riƙe sirdi.

"Kawu, saki mana."

"Ba zai shiga ba."

"An duba, ya wuce. Saki, mutane na jira."

"Na fasa shi."

Ƙasa-ƙasa ya faɗa. Jami'ar ta ce, "Me ka ce, Baba?" Sai ya gyara tsayuwa kamar yana gaban alƙali, ya ɗaga murya yadda rabin layin zai ji.

"Na ɗaure shi ya tsage. Ni, Mbarek na Anza, mai gyaran keke. Ga wurin nan."

Jawad yana da rumfa a gefen ƙofar, don shi aka ɗauka ya duba kekunan masu tsere. Muka ja keken can. Ya kwance noti huɗun, ya ɗaga murfin, ya haska da fitilar waya. Tsaga ce siririya, tsawon gaɓar yatsa. Ya yi fito.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni," in ji Kawu.

"Da me?"

Kawu ya zaro ɗan makullinsa ya nuna a tafin hannu. Na ga bakin Jawad ya cika da magana. Ya dubi makullin, ya dubi furfurar, ya haɗiye. Ya juyo gare ni ya ce, "Lalla Hafida, wannan ba ya sauka dutse. Ko za ki ba ni duniya ba zan mayar da shi ba."

To fa. A nan notin kaina ni ma ya kwance.

"Iska na ce! Iska! Kawu, da wane yare zan faɗa maka? Shekara uku ina tashi kafin asuba, in sauko daga aikin kwana in faɗa ruwan sanyi, ban je bikin kowa ba, ban huta Juma'a ɗaya ba! Abin da na guda ke nan shekara biyu! Garin neman gira ka ja mini rasa ido!"

Yana tsaye yana kallon takalminsa. Da ya mayar mini da magana da na samu sauƙi. Shirun nan ya ƙara tunzura ni, har na faɗi abin da har yau nake jin kunyarsa.

"Da ma ka yi shiru! Wataƙila da keken ya kai ni!"

Sai ya ɗago. "Na taɓa yin shiru."

Jawad ya sunkuya ya kama wani aiki kamar ba ya ji.

"Kin san Larbi mai burodi, wanda kika taso kika gan shi da sanda," in ji Kawu. "Shekarata ta biyu a shago ya kawo faci. Na mayar da tayar gaba, aka kira ni shayi, na manta ban ɗaure ba. Ya ɗauki burodi ya bi gangaren tasha, taya ta fita. Mutane suka ce lodi ne ya yi yawa. Shi ma haka ya ce. Shekara talatin yana jan ƙafa yana zuwa gaishe ni, yana kawo mini burodi mai zafi. Ni na ɗauki gaban makararsa. Ko Ijja ba ta sani ba." Ya numfasa. "Maganar da ake yi a kaina, ɗiyata, tun farko da rami a ƙarƙashinta. Ba zan ƙara zuba wani a ciki ba."

Fushi na nan bai tafi ba, amma ya rasa inda zai zauna.

Jawad ya duba agogo. "Huɗu da ashirin da biyar. Ina da kai na ƙarfe a akwati, ya fi wannan nauyi, ya fi shi faɗi, amma zai kai ki. Matsalar, sai an kwance ƙyallen hannu, an cire birki da giya, an mayar, an daidaita. Aikin awa guda ne. Ga kekuna shida a gabana, hannuna biyu ne."

Kawu ya naɗe hannun jallabiya. "Ba ni."

Wallahi ban so ba. A lokacin ko tsintsiyata ba zan ba shi ba. Amma ba ni da wani. Jawad ya dube ni, na kau da kai, ya ɗauki hakan a matsayin izini ya miƙa masa ƙarfen.

Kawu ya zauna dirshan a ƙasa da farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya cire takalmi ɗaya ya ajiye a gefe, duk notin da ya kwance sai ya jera shi a ciki bi da bi. Bai taɓa ganin irin wannan birkin da giya a jikinsa ba. Ya juya shi sau ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya ce, "To," ya sa hannu. Kafin ya cire komai daga tsohon kan, sai da ya zare zare daga bakin jallabiyarsa ya auna inda kowane abu yake zaune, ya ƙulla alama, don hannuna ya samu komai a inda ya saba. Wannan ko Jawad bai yi tunaninsa ba, na ga ya tsaya yana kallo da taya a hannu. Mutane suka fara taruwa. Wani dogon Bature ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, Kawu ya ce da shi da harshenmu ya matsa yana tare masa haske, mutumin kuwa ya matsa.

A gaban shagon nan na girma, amma ban taɓa kallon hannunsa yana aiki ba sai ranar. Ba sauri yake ba. Kawai ba ya taɓa abu sau biyu. Wayoyin birki suka koma, giya ta shiga ɗaya bayan ɗaya ba gardama, ya naɗe ƙyallen hannu sumul, ya fi yadda na kawo shi. Minti ashirin da biyu.

Saura noti huɗun nan. Ya sa su da yatsa har suka zauna. Ya ɗauki makulli ya ɗora a kan na farko. Sai hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka. Jami'ar ƙofa ta ɗaga murya ta ce saura minti goma.

Ya miƙe, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya je wajen Jawad.

"Ma'allam," ya ce, "zo ka ɗaure."

Ma'allam ba sunan da ake kiran kowa da shi ba ne a wajenmu, sai wanda ya gama sanin sana'a. A rayuwata ban taɓa jin Kawu ya kira wani mai keke da shi ba. Shi ake kira.

Jawad ya ji nauyin abin. Ya ɗauko sifanar nan mai ƙara ya miƙa masa da hannu biyu. "Ga ta, Baba. Ƙarfe ne wannan, ba zai tsage ba. Ka ƙarasa aikinka, ita za ta gaya maka inda za ka tsaya."

"A'a. Kai dai."

Ya juya mana baya yana kallon teku. Jawad ya durƙusa, sifana ta yi ƙara sau huɗu. Biyar saura minti huɗu keke ya shiga fili. Da na fito, Kawu ya riga ya sa takalminsa ya kama hanyar tashar bas. Na kira shi, ya ɗaga hannu bai waiwayo ba.

Tsere dai na yi shi. Na sha ruwan gishiri daidai gwargwado. Sabon kan ya fi kafaɗuna faɗi, tun kilomita tamanin wuyana ya fara zagina. A gangaren Imuzar na kama birki kamar tsohuwa mai ɗauke da ƙwai, har wani dattijo mai tumbi ya wuce ni yana yi mini sannu. Gudun kuwa rabinsa tafiya ce, kada in yi muku ƙarya. Awa goma sha huɗu da minti arba'in. Aka rataya mini lambar ƙarfe, aka ba ni tawul. Lalla Ijja ta zo da dabino a jaka, ita kaɗai.

Ranar Lahadi da hantsi na sauko matakalar gidana da baya da baya, don ƙafafuna sun ƙi ta gaba, na tafi Anza. Labari ya riga ni isa, don mutum uku 'yan unguwarmu suna bakin teku ranar Juma'a. Shago a buɗe. Bihi na juya kifi a kasko, ya gaishe ni, ya gaishe da Kawu, gaisuwa tsaf irin ta mutunci, ba zagi ko ɗaya. Na tsani gaisuwar nan. Da ya zage shi kamar kullum da ya fi.

Kawu na zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa da ƙyar na sumbaci hannunsa.

"Kawu, ka yafe mini abin da na faɗa."

"Ba ki faɗi ƙarya ba. Iska kika ce."

Na ciro lambar ƙarfen na ajiye masa a kan gwiwa. Ya juya ta gaba da baya.

"Gangaren fa?"

"Na sauko lafiya."

"Kan bai motsa ba?"

"Ko kaɗan!" na ce, da sauri, da murna, don tun a hanya nake ɗauke da wannan maganar kamar tsaraba. "Kilomita ɗari da tamanin, Kawu, ga ramuka, ga iska, ko gezau bai yi ba. Ya riƙe gam."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki lambar ya mayar mini a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kanta, riƙo mai laushi, irin wanda ban san hannunsa ya iya ba.

"Madalla," ya ce. "Sai ki gaya wa Jawad. Shi ya ɗaure."